Man Ƙwallon Inabi da Gwangwanin Inna

Ni ba likita ba ce. Bari in fara da wannan, tunda rashin faɗarsa da ƙarfi a kan lokaci shi ya kusa raba ni da mahaifiyata.

Mai nake aunawa. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin tatsar man gyaɗa da na waken soya a Sharada, kuma kullum abu ɗaya ne: a kawo mini mai a 'yar kwalba, in duba ruwan da ke cikinsa, in duba tsaminsa, in ga ko ya fara lalacewa, in rubuta, in sa hannu. Iyakar aikin ke nan. Amma da yake ana ba mu farar riga mai dogon hannu, ni kuma da rawar kai nakan taho da tawa gida duk Juma'a in wanke in shanya a igiyar tsakar gida inda kowa zai gani, sai matan layinmu a Zawaciki suka laƙaba mini Likita. Takardar asibiti in ta gagare su, ni ake kawo wa. Yaro in ya yi ƙuraje, ni ake nuna wa. Ban taɓa cewa ni likita ce ba, amma wallahi ban taɓa cewa a daina ba. Daɗi nake ji, ɓoyewa ba ta da amfani.

Mu biyu ne a gidan, ni da Inna, tun da aurena ya mutu na dawo. Ni ce 'yarta ta fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce, ko "waccan", ko ta yi gyaran murya in gane da ni take. Ba ta yaba mini, ba ta tambayata komai kai tsaye, ba ta ma son a gan ta tana kallona. In mata suka ce, "Ina Likita?" sai ta kau da kai ta ce, "Oho mata." Haka aka yi mata tarbiyya a ƙauyensu, kuma haka na saba. Abin da ban sani ba shi ne, duk abin da na faɗa a tsakar gidan nan tana kwashe shi tsaf tana ajiyewa.

Babana a kamfanin jima ya yi aiki, a Challawa. Hawan jini ya kayar da shi wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi. Ya kusa shekara a kwance, ɓarin jiki a shanye, muna juya shi muna goge masa yawu, kafin Allah ya karɓi abinsa. Bayan rasuwarsa aka auna Inna aka ce ita ma tana da shi. Ƙwaya biyu aka ɗora ta a kai, kullum da safe, har iyakar rayuwa. Ta tsani ƙwayoyin nan. Ɗaya tana sa ta zaryar banɗaki, ɗaya tana kumbura mata ƙafa. Amma tana sha, domin ta ga abin da ya faru da mijinta da idonta. Ni kuma duk wata nakan sayo mata in ajiye a kan tagar ɗakinta.

To, ana nan sai wani ƙaramin kamfanin man shafawa da ke Bompai ya aiko mana da wani mai mu gwada musu, tunda su ba su da kayan awo. Kwalba ce baƙa-baƙa, lita guda. Da na tsiyaya sai na ga abu garau, ruwan ɗorawa mai ɗan ratsin kore, ba nauyi, ba wani ƙamshi. Ogana ya ce man ƙwallon inabi ne, wato 'yan ƙwallayen nan da ake tofarwa in ana cin inabi, su ake tarawa a busar a tatse. Ni da na ƙare rayuwata a kan gyaɗa da soya, sai abin ya burge ni. Na yi awona, na kuma zauna na karanta duk abin da na samu a kansa. Yawancin jikinsa, wajen kashi bakwai cikin goma, wani nau'in maiƙo ne da ake kira linoleyik, wanda jikin mutum ba ya iya haɗawa da kansa sai ya ci a abinci. Maiƙon da ke daskarewa kaɗan ne a cikinsa. Yana da bitamin E. Fata tana shanye shi da wuri ba ya barin danƙo. An kuma ce in mutum ya maye gurbin kitse da irinsa a girki, yana iya taimakawa wajen rage kitsen da ke taruwa a jijiyoyin jini.

A wurinmu al'ada ce, ragowar samfur ta wanda ya yi awon ce. Cokali nawa ne za a ɗiba a lita guda? Na jefa kwalbar a jaka, da niyyar Inna ta riƙa shafawa a dugaduganta, don faso yana damunta.

Da na isa gida bayan la'asar na tarar da maƙwabciyarmu, wadda muke kira Gwaggo, dattijuwa ce ƙawar Inna, suna zaune a tabarma Inna tana tsintar shinkafa. Gwaggo ta hango kwalbar ta ce, "Likita, me aka samo mana yau?"

Ai kuwa kamar jira nake. Na buɗe baki na dinga zuba. Na faɗi linoleyik har sau uku don su ji nauyin kalmar. Na ce yana gyara fata, yana rage kitsen jijiya, yana da amfani ga zuciya, Turawa ma rububinsa suke. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Allahu Akbar! To ai ba mamaki, inabi fa ɗan itacen Aljanna ne, ga shi nan a cikin Alƙur'ani." Na ce ƙwarai kuwa. Ban ce musu abinci ne ba magani ba. Ban ce musu yawancin sinadaran da ake yabon ƙwallon inabi dominsu a cikin tunkuzar suke zama ba, kaɗan ne ke biyo man. Ban ce ba ya sauke hawan jini ba. Duk na san wannan, a shafi ɗaya na karanta su da sauran. Amma wa zai ɓata labari mai daɗi ana kallonsa da sha'awa?

Inna ba ta ɗago kai ba. Na ce, "Inna, ga shi nan na dugaduganku ne," na ɗora a kan kabad. Ta ce, "Uhm."

Wata biyu da 'yan kwanaki suka wuce. Na lura kumburin ƙafarta ya saɓe, na ji daɗi. Na lura ta daina yawan fita banɗaki, na ce jiki ya saba da magani. Duk sanda na kawo sabon magani, na baya ba ya kan taga, sai in ce an shanye. Sau biyu na ji tana ce wa Gwaggo ƙeyarta na sara, na leƙo na ce zafin bazara ne, a sha ruwa da yawa. Ni Likita. Kaico.

Ranar da abin ya fito, Litinin ce, ina dutin safe. Maɓallin farar rigata ya tsinke, na shiga ɗakin Inna neman allura da zare tana can tana shara. Na san a gwangwanin madara take ajiye su, a ƙasan gado. Na jawo gwangwanin na buɗe. Ba allura a ciki. Katunan magani ne cike, a jere, an ɗaure su da ƙyalle, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba.

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Na kwance ƙyallen. Na ƙirga da yatsa, na sake ƙirgawa, ina fatan in ga na yi kuskure. Sai idona ya kai kan kabad. Kwalbar nan tana nan, ta yi ƙasa sosai, kusa da ita ga ƙaramin cokali a kan faranti.

Na fito da gwangwanin a hannu. "Inna, mene ne wannan?"

Ta dubi gwangwanin, ta dubi tsintsiyarta. "Ajiya ce."

"Tun yaushe kuka daina sha?"

"Tun da aka kawo wancan."

"Wa ya ce ku daina? Wa ya ce ku sha shi ma? Na dugadugai na ce!"

Ta ci gaba da shararta, a hankali. "Ba a haɗa magani biyu. In aka haɗa, ɗaya kashe ɗaya yake, ko su taru su bugar da mutum. Kowa ya san wannan. Tunda an ce wancan na zuciya ne da jijiya, ni kuma ciwona ke nan, sai na bar masa wuri ya yi aikinsa." Ba ta kalle ni ba. "Ai wanda ya sani ne ya faɗa."

Wannan ita ce kalmar yabo ta farko da na taɓa ji daga bakin uwata, kuma ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in tare ɗan adaidaita in kai ta a auna jininta a lokacin. Ban yi ba. Akwai tankar mai da ke jiran sa hannuna kafin ta fita, abokiyar aikina tana hutun haihuwa, motar ma'aikata kuma ba ta jiran kowa a bakin titi. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji in tsaya a gaban ma'aikatan asibiti a tambaye ni yadda aka yi. Sai na hau faɗa, na ɓalle ƙwaya biyu na dangwara mata a hannu na ce ta sha yanzu-yanzu, in na taso ƙarfe biyu za mu tafi asibiti. Ta ce, "To." Ta riƙe su a tafin hannu. Ban ma tsaya na ga ta haɗiye ba.

A kamfaninmu ba a shiga da waya. Akwai wani sinadari da ake tatsar mai da shi, hekzen, wanda tartsatsi kaɗan ya ishe shi ya tayar da gobara, don haka tun a bakin ƙofa kowa yake zuba wayarsa da ashana a loka, ɗan akwatin ajiya, wurin maigadi. Shekara da shekaru ina yin haka ban taɓa jin komai ba. Ranar nan da na tura wayata cikin lokar na ji ƙarar rufewarta, sai gabana ya faɗi.

Ban san abin da na auna ba a safiyar nan. Ina riƙe da kwalba, amma babana nake gani a tsugune da igiyar takalmi a hannu. Wata biyu da kwana nawa? Jinin nata ya kai nawa yanzu? Ta sha ƙwayoyin, ko ta mayar da su gwangwani don kar su yi faɗa da cokalin da ta riga ta sha da asuba? Ƙarar injin da na saba da ita har ba na jin ta, ranar nan a cikin ƙirjina take bugawa. Duk wanda ya turo ƙofa sai na zabura. Na karanta duk addu'ar da na iya, na koma na sake daga farko. Na saki wata kwalbar awo ta tarwatse a ƙasa, ogana ya ɗago ya ce, "Ke lafiyarki kuwa?" Na ce lafiya lau. Ƙarfe sha ɗaya da rabi na kasa jurewa, na ce masa zan je ƙofa in dawo.

Daga ɗakinmu zuwa ƙofa tafiya ce mai ɗan nisa, ta gefen tankuna da rumbun gyaɗa. Da sassarfa na fara, da gudu na ƙarasa. Maigadi ya miƙo mini wayar yana cewa, "Hajiya, tun ɗazu take kuka a ciki, har na gaji." Kiran Gwaggo ne a jere, ba adadi, na farkon tun ƙarfe tara saura.

Bugu ɗaya ta ɗauka. "Ina kika shiga? Ina kika shiga, 'yar nan? Muna asibiti. Bakin Innarki ya karkace, hannu ya saki." Sai ta fashe da kuka. "Sunanki take ta kira. Sunanki na yanka, da bakinta. Da na ji haka ta katanga na san ba lafiya ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara talatin da huɗu ba ta faɗe shi ba, ranar da ta faɗa kuma ina can ina auna tsamin man gyaɗa.

Ban koma na gaya wa kowa ba. Na faɗa cikin adaidaita, titin Sharada kuwa ya cushe da tireloli masu jiran shiga kamfanoni, ga masu tallan ruwa, ga wani da ya tsaya juya mota a tsakiyar hanya. Na zagi mutumin nan zagin da har yau nake neman gafararsa. Ɗan adaidaitan yana ta cewa, "Yi haƙuri, Likita, yanzu za mu wuce." Sai a lokacin na duba jikina na ga da farar rigar na fito.

Na same ta a kan gado, an sa mata ruwa. Gefen bakinta na hagu ya zube, ido ɗaya ya ɗan rufe, hannun hagu yana kwance a gefenta kamar ba nata ba. Fuskar babana ce sak. Na dafa ƙarfen gadon.

Gwaggo ta miƙe da murna tana ce wa likitan da ke tsaye, wani matashi mai gilashi, "Yauwa, ga 'yar tata nan, ita ma likita ce." Ta zaro kwalbar nan daga jakarta, ashe ta taho da ita. "Ga ma maganin da ta ɗora ta a kai."

Likitan ya karɓa, ya buɗe, ya shinshina. Ni daga inda nake ina jin warin. Irin wannan man ba ya jure zafi da iska, ya riga ya fara lalacewa, yana wari kamar tsohon fenti. Ya dubi rigata ya ce, "A wane asibiti kike aiki?"

Ɗakin cike yake da masu jinya, kowa ya zuba mini ido. Na ce, "Ba a asibiti nake ba. A kamfanin mai nake, a Sharada. Ni ba likita ba ce." Muryata ta fita ƙasa-ƙasa, sai na sake faɗa da ƙarfi yadda Gwaggo za ta ji. "Ni ba likita ba ce. Mai nake aunawa."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce man ba guba ba ne, a girki ko a fata ba laifi, amma ba ya riƙe jini, kuma hawan jinin da aka kawo ta da shi Allah ne kawai ya tsare. Sannan ya sunkuya ya tambayi Inna wa ya ce ta ajiye maganinta.

Ta daɗe tana kokawa da harshenta. Maganar ta fito a tauye, yawu yana bin gefen bakin. "Ba... ita ba ce. Ni... ce."

Na fita baranda na cire rigar, na dunƙule ta, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da gawar babana.

Kwana tara muka yi. A cikin kwanakin ne Gwaggo ta gaya mini, tana sunkuyar da kai, cewa Inna ta ɗan tsiyaya mata a kwalbar turare, ita ma ta tsiyaya wa wata mai ciwon suga a bayan layinmu, kuma ita ma matar ta jingine nata maganin. Ranar da aka sallame mu, kafin in cire mayafi, na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a tsakar gidan kowacce na faɗi abin da na faɗa a asibiti. Wata ta yi dariya ta ce, "Kai, Likita, ke dai akwai ƙanƙan da kai." Na ce mata in ta ƙara kirana da sunan nan ba ni ba ita, kuma da gaske nake.

Inna ta tashi. Tana tafiya da sanda, maganarta ta dawo sai ɗan nauyi, amma hannun hagu bai dawo ba. Likita ya ce wanda ya taɓa samun irin wannan yana iya sake samu, kuma na biyun ba ya zuwa da sauƙi. Da wannan maganar nake kwana, da ita nake tashi. Na roƙi maigadi ya riƙa ajiye wayata a aljihunsa, in ta yi ƙara ya aiko a kira ni ko me nake yi. Rigar kuwa a kamfani nake wanke ta, a can take bushewa.

Kullum da safe kafin in fita, ni nake ba ta ƙwayoyin da hannuna. In ta kurɓi ruwa sai in ce, "Inna, ku buɗe baki in gani." Uwar da ko kallona ba ta yi a gaban mutane, yanzu ita ce take buɗe mini baki ta ɗaga harshe, tana kallon bango. Ni da ita duk kunya muke ji, amma ban taɓa fashi ba.

Bayan nan sai in zauna in murza mata hannun, kamar yadda masu gashin ƙashi suka koya mini, yatsa bayan yatsa. Da man ƙwallon inabi nake yi, sabo, 'yar ƙaramar kwalba da nake saya a kanti, domin a wannan kam yana da kyau, fata tana shanye shi nan da nan. Ba na barin sa a gida. A jakata yake kwana, da shi nake tafiya aiki.

Rannan ina cikin murzawa sai ta sa hannun dama ta shafa bayan na hagun, wanda ko motsi ba ya yi. Ta shafa, ta sake shafawa. Ba ta kalle ni ba, bangon ta gaya wa.

"Ji yadda ya yi laushi. Ai da ma na san maganin waccan yana aiki, lokaci ne ba a ba shi ba."

Na rufe kwalbar na murɗa murfin da ƙarfi, na sa ta can ƙasan jaka na ja zif. Sannan na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gadon, na jawo gwangwanin madarar na buɗe. Allura ce da zare a ciki. Gobe ma zan duba.